Direba ta Biyu a Takardar Inshora

Motar ta shigo gidanmu na Unguwar Rimi wata ranar Alhamis da la'asar, a shekarar nan da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi har kowane akawu a Kaduna ya fara tambayar farashin taya. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji hon sau uku a ƙofa. Na fito da gari har gira. Ga ta nan tsaye, 'yar kunkuru mai inji a baya, shuɗiya kamar yanzu aka tsamo ta daga marina, kujerunta ba a ko cire musu leda ba. Maigidana yana zaune a ciki ya ƙi fitowa, ya ɗora gwiwar hannu a taga yana jira in yi magana. Na zagaya ta sau biyu, na shafa ƙeyarta inda injin ke huci, na leƙa madubin gefe na ga fuskata fari fat, sai dariya ta kama ni har na zauna a dakali.

Shekarata ashirin da biyu a lokacin, ina koyarwa a wata firamare, watanmu bakwai da aure. A ƙarƙashin gadona akwai akwatin kwano cike da 'yan littattafan soyayya, irin siraran nan da ake shimfiɗawa a tabarma a bakin babbar kasuwa, kusa da masu sayar da kalanda. Tun ina kwalejin horon malamai nake tara su. Yawancinsu da Turanci ne, takardarsu ba ta fi ta ƙunshin ƙosai kauri ba, amma na haddace wasu daga bango zuwa bango. A cikinsu duk abin kirki a mota yake faruwa. A mota ake furta so, a mota ake kuka, a mota ake dawowa daga Ikko da zobe a aljihu. Kullum saurayin ke tuƙi, yarinyar na gefe, ɗankwalinta na kaɗawa. Ni kuwa in na rufe ido ban taɓa ganin kaina a gefe ba. Sitiyari nake gani a hannuna, shi yana gefe yana kallona ya rasa abin cewa.

Da na gaya masa haka bai yi musu ba. Cewa ya yi, “To ki koya mana. Amma ba da tawa ba.”

Wani tsohon soja mai makarantar koyon tuƙi ya koya mini, a wata tsohuwar motarsa da ke tari kafin ta tashi. Wata huɗu muna zagaya wani fili, yana ce mini, “Madam, a hankali, giyar mota ba muciya ba ce.” A gwajin farko na ture duro da baya. A na biyu na ci. Na dawo gida da lasin a cikin rigata, na tarar da maigidana yana wanke taya, na miƙa masa hannu na ce makulli.

Ya goge hannu a tsumma, ya buɗe aljihun motar ya zaro wata takarda mai hatimi. “Karanta nan tukuna.”

Takardar inshora ce. A gurbin waɗanda aka yarda su tuƙa, layi ɗaya ne tak: mai mota, shi kaɗai. Ya ce ranar da ya yanke ta an gaya masa in shi kaɗai zai riƙa tuƙi za a yi masa ragi, shi kuma bai san direba ya aura ba. In na hau titi a haka na goge wa wani mota, kamfanin zai ce bai san zancen ba, ɗan sanda kuma zai ɗauke ni kamar wadda ba ta da inshora sam.

“Gobe zan biya ta ofishinsu a ƙara sunanki,” in ji shi.

Goben nan ta yi sati shida. Kullum da yamma in ya dawo daga ma'aikatar gona inda yake aiki, sai in shiga motar a tsakar gida, inji a kashe, in sa baƙin tabarau da na saya musamman don tuƙi, in yi ta canza giya ina yi wa kajin maƙwabta hon. A haka na je Zariya na dawo ya fi sau talatin.

Sai Gwaggo ta zo. Maigidana ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana, don haka surukata ce amma ita ta goya ni ina jaririya, ba na ɓoye mata dariyata. Daga Katabu ta zo ganin likitan ido, ta yi mako guda tare da mu a tsakiyar damina, makarantu na hutu. Ranar Asabar da safe ake sunan jikarta a Katabu, ta kuma cika falonmu da kayan barka: bahon wanka, turamen atamfa, sabulai, kwanuka, da buhun shinkafa rabi. An shirya ɗanta zai kai ta. Ranar Alhamis da magariba ya dawo ya ce an sa shi rangadi da shugabansa, gobe bayan sallar Juma'a za su tashi a motar ofis, sai Talata. Zai kawo kunkurun gida ya ajiye. Gwaggo sai dai ta bi ta tashar Kawo.

Gwaggo ta ajiye carbi. Zuwanta na ƙarshe ta tashar Kawo, rago aka ɗora mata a ƙafa tun daga tasha har gida.

“Mota na kwance a gida,” ta ce, tana kallon bango kamar da shi take magana, “direba na kwance a gida, ni kuma a cusa ni bayan a-kori-kura da baho a ka. To. Allah ya ba mu haƙuri.”

Ya yi mata bayanin takarda. Ya ce shi gobe ba shi da minti ɗaya na kansa. Daga ƙarshe, don a bar shi ya ci tuwo, ya ce, “In kun iya zuwa ofishin inshora da safe kuka sa aka ƙara sunanta kafin a tashi masallaci, ta kai ki.” Na ga alama bai zaci za mu je ba.

Da safe ya fita da motar. Ni kuwa na ɓata sa'a guda a gaban madubi. Na ɗaura atamfata mai ganye, na kafa ɗauri, na sa tabarau, na hau takalmi mai tudu irin na yayin. Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Da wannan za ki taka birki?” Na ce yau ba tuƙi, yau sa hannu ne. Sai da muka shiga tasi muka yi nisa na tuna takardar inshorar tana aljihun motar, motar kuma tana ma'aikatar gona. Na ce a raina ba komai, ai su suka rubuta ta, suna da irinta.

Ofishin yana saman wani kanti a babban titin cikin gari. Matakala ƙunci, fanka ɗaya a sama tana juyi kamar an tilasta mata, dogon benci cike da direbobin manyan motoci da dillalai, kowa da takardunsa a naɗe cikin hula ko aljihu. Mu kaɗai ne mata. Aka matsa mana muka zauna. Ranar Juma'a ƙarfe ɗaya suke rufewa, agogon bango kuma yana gabana, ina kallonsa yana cin safiyar. Sha biyu saura kwata aka kira mu.

Akawun mutumin Kudu ne, da laktaye da biro uku a aljihu, amma a Sabon Garin Zariya ya tashi, Zazzaganci a bakinsa ya fi nawa. Na gaya masa abin da ya kawo mu, na ajiye lasin a tebur yadda hoton zai kalle shi.

Gwaggo ta gyara zama. “Tsaya tukuna, ɗan nan. Kafin a rubuta kowa, ni a gaya mini mece ce inshorar nan. Tun da na zo garin nan kullum sai na ji ta, kamar wata baƙuwa da ake jira.”

Na taɓa ta ina nuna mata agogo da ido. Ta ture hannuna.

“Mama, alkawari ne,” in ji akawun. “Kowace shekara mai mota ya kawo mana wani abu. In tsautsayi ya faɗa, mu za mu tsaya masa.”

“In bai faɗa ba fa?”

“Sai mu gode wa Allah, mu rage masa kuɗin baɗi.”

“Ku dai ku gode wa Allah,” in ji Gwaggo. “Sana'a ta yi kyau.”

Ya yi dariya ya ɗaga yatsu uku, ya ce inshorar mota iri uku ce. Ta farko, ya ce, ita ce ƙarama, wadda doka ta ɗora wa kowa. Direbobin tasha suna ce mata ta 'yan sanda, don su nunawa kawai suke yi da ita. In ka buge wani ko ka ɓarnata masa dukiya, kamfani zai biya shi wancan ɗin, taka motar kuwa kai da makanikenka. Ta biyu ita ce dai ta farkon, an ƙara mata wuta da ɓarawo. In mota ta ƙone ko aka sace za a biya ka, amma in da hannunka ka kai ta ka haɗa da bishiya, sai dai a yi maka jaje. Ta uku ita ce babba: naka da na wani, wuta, ɓarawo, karo, har gilashin da dutse ya fasa.

Ina jin haka hankalina ya koma akwatin ƙarƙashin gado. Ai samari uku ne, na san su sarai. Na farko shi ne mai faran-faran da mutanen waje, ya bar ta gida da hawaye. Na biyu ba a ganinsa sai ranar gobara, ya zo ya yi jarunta ya ɓace. Na uku shi ake aura a shafin ƙarshe. Ban san lokacin da na ce a fili ba, “Na uku nake so.”

“Madam, ba zaɓe kika zo yi ba, an riga an zaɓa,” in ji shi. “Motar rancen gwamnati ce ko? To babba ce dole. Gwamnati ba ta yarda da ƙarama a kan motar da ba a gama biya ba. Abin da ya rage shi ne wa zai tuƙa.”

Nan ma hanya uku ce. Ko mai mota shi kaɗai, yadda take yanzu. Ko mai mota da wanda aka rubuta sunansa. Ko kuma duk mai lasin da mai mota ya yarje wa, ita ce ta fi tsada.

“Kada a yi ta kowa da kowa,” Gwaggo ta yi maza ta ce. “Ƙannensa maza huɗu ne. In suka ji labari, ko tayar ba za ku sake gani ba. Rubuta 'yar nan ita kaɗai.”

Ya ce da yake lasin nawa sabo ne, in wani abu ya faru, kason farko na kuɗin gyara da ake bar wa mai mota zai ɗan fi na maigidana yawa. Ya kuma ja mana kunne a kan fasinja. Ko a Kawo wani ya miƙo sule ya ce na mai ne, kada a karɓa. Da an karɓa motar ta zama ta haya, alkawari ya warware.

“Mun yi maka kama da 'yan kamasho?” in ji Gwaggo. “Ni ga tambayata. In ta buge akuya fa?”

“Za mu biya mai akuya.”

“In akuyar tawa ce?”

Ya ɗan yi tunani. “Mama, ki aika a ɗaure akuyarki gobe.”

Sha biyu da minti biyar. Ya jawo fom, ya cire marfin biro da haƙori. “To. Ba ku zo da takarda ba, ba komai, zan ciro fayil. Sunan mai inshora?”

Nan fa ake yin ta.

Tun ina ƙarama Yaya nake ce masa. Da aka sa mana rana, Yayan ma ya gagare ni, na koma Malam. A 'yan wasiƙun da nake ɓoye masa a ƙarƙashin faifan tuwo na kira shi da sunaye sun fi ashirin, duk aron littattafai, tauraro, fitila, sanyin ido, har da wasu da ba zan maimaita ba yanzu da nake da jikoki. Amma sunansa na yanka bai taɓa bi ta harshena ba. Ko telan da ke mini ɗinki, da yake takwaransa ne, Mai Keke nake ce masa. Ba wanda ya kafa mini doka. Haka na ga uwata na yi, haka ita ma ta ga tata.

“Lambar motar na sani,” na ce, na karanto masa ita tiryan-tiryan.

Ya nuna mini bangon bayansa da babban yatsa. Kabad ne a kan kabad har rufi. “Da suna muke ajiya, Madam.”

“A ma'aikatar gona yake. Dogo ne, wankan tarwaɗa, yana da wushirya. In zai yi dariya sai ya fara sunkuyar da kai, sannan...”

“Allah ya bar ƙauna!” in ji wani direban gingimari daga benci. Bencin gaba ɗaya ya amsa da amin.

Akawun ya cije leɓe. Ya gane. Ya juya wajen Gwaggo cikin ladabi. “Mama, ke kika haife shi. Taimake mu.”

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ɗaga kai tana nazarin fanka.

“Ɗan fari ne,” na ce masa ƙasa-ƙasa.

Ya ajiye biro ya kifa goshi a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago, idonsa da ƙwalla. “Shekara shida ina aikin nan. Matan aure sun zo, iyaye mata sun zo. Ban taɓa samun su biyun a kan mutum ɗaya ba.” Ya turo mini guntuwar takarda. “Rubutawa fa? Ita ma haramun ce?”

Ban taɓa tunanin wannan ba. Na juya wa Gwaggo baya duk da ba ta karatun boko, na kare takardar da tafin hannu kamar mai tsoron a kwafe mata jarrabawa, na rubuta. Haruffan suka fito a karkace, kamar ba malamar da ke koyar da rubutu ba. Ya karɓa ya karanta a zuci, Allah ya saka masa da alheri, ya hau kujera ya ciro fayil. Na hango sa hannun maigidana a shafin farko, gabana ya faɗi kamar shi ne ya shigo.

Na sauke numfashi. Na ɗauka an gama.

“Saura yardarsa,” in ji akawun. “Inshorarsa ce, ba taki ba. Ba zan ƙara masa direba bai sani ba. Ko sa hannunsa, ko in ji daga bakinsa. In ya yarda ta waya, manaja yakan bari a ba da takardar wucin gadi, ya zo ya sa hannu in ya dawo.”

Sha biyu da ashirin da biyar. Ya kai mu wani ɗan ɗaki a gefe inda tarho yake, baƙi, mai nauyi, da ɗan kwaɗo a jikinsa don kada a yi kiran sata. Gwaggo ta zauna a kujerar da ke wurin, ni na tsaya. An sha ruwa kwana biyu, layukan garin duk sun jiƙe. Ya juya lamba, shiru. Ya sake, ƙara. Ya sake, aka haɗa shi da wani gidan burodi. Ina tsaye a kan takalmina mai tudu ina karanta duk addu'ar da na iya. Ɗaya saura ashirin ya ɗaga gira. “Tana shiga.”

A daidai nan manaja ya leƙo, da dardumarsa a kafaɗa, ya ce akawu ya zo maza da makullin sef ɗin ajiyar kuɗi kafin ya wuce masallaci. Akawun ya danƙa mini kan tarhon. “Riƙe, kada ki bari ya yanke, ba za mu sake samu ba yau. In an ɗauka ki nemi maigidanki, ina zuwa.”

Aka ɗauka. Muryar kamar daga ƙasan rijiya, ana kuma suyar gyaɗa a bakin rijiyar.

“Ma'aikatar gona. Wa ake nema?”

Na yi sallama. Na ce, “Don Allah maigidana nake nema.”

“Masu gida sun fi ɗari a nan.”

“Mai 'yar kunkuru shuɗiya.”

“Shuɗaye huɗu ne a waje.”

“Wanda zai tafi rangadi yau.”

“Rabin ofis rangadi za shi. Baiwar Allah, an kusa tashi masallaci. Suna, ko in ajiye.”

Na leƙa ƙofa, ba akawu. Takardar da na rubuta tana tebur, amma tarho ba ya karatu. Ɗaya saura kwata. Na ga Gwaggo a bayan a-kori-kura da baho, na ga kaina gobe ma a tsakar gida ina yi wa kaji hon.

Gwaggo ta miƙe. Ta tura ƙofar da ƙafa ta rufe. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba in ana zancen ɗanta.

“Ke 'yar nan,” ta ce, “ni yau kurma ce. Faɗi.”

Ta juya ta fuskanci bango, ta cusa yatsu a kunnuwa ta saman mayafi, ta kama salati da ƙarfi.

Na rufe ido na faɗa. A hankali, kamar mai hura shayi.

“Ban ji ba,” in ji rijiya.

Na sake faɗa.

“Layin ba kyau. Ɗaga murya.”

Na cika ƙirji da iska na kwarara shi, da muryar da nake tsawata wa 'yan aji uku, har da sunan mahaifinsa a kai don kada a ce masu sunan da yawa. Ƙofar katako ce siririya. Daga waje na ji benci ya kaure da tafi.

A cikin tarhon kuwa shiru, sai suyar gyaɗa. Can sai dariya ta taso, ta makara kaɗan kamar ta mai fara sunkuyar da kai. Na san dariyar nan, ta maigidana ce.

“Na'am,” ya ce.

Na zame na zauna a ƙasa.

“Masinja ya tafi alwala, ni na ɗauka. Tun sallamarki na gane ki.”

“Malam!”

“A'a. Ɗazu ba haka kika ce ba.”

Da akawun ya dawo ya same ni zaune a ƙasa, takalmi ɗaya ya fita, na rungume kan tarho ina dariya ina hawaye, Gwaggo kuma tana fuskantar bango tana salati. Ya karɓa ya ce, “Ranka ya daɗe, daga ofishin inshora ne,” ya saurara, ya ce to, ya ce madalla, ya ajiye. Na tashi na taɓa kafaɗar Gwaggo. Ta zare yatsu.

“An gama?”

“An gama, Gwaggo.”

“Ni ban ji komai ba,” ta ce, tana gyara mayafi. “Amma da kin rage murya. Har Katabu an ji.”

Da yatsa biyu akawun ya buga takardar a tafireta, ina tsaye a kansa ina kallon sunana yana fitowa harafi bayan harafi a ƙarƙashin na maigidana. Ya buga hatimi ana kiran farko na sallar Juma'a. Da muka fito direbobin benci suka miƙe suka ba mu hanya, mai gingimari ya ce, “A sauka lafiya, direba. A riƙa ba mu hannu in an gan mu a hanya.”

Bayan masallaci maigidana ya kawo motar. Ya gaida uwarsa yana kallon ƙasa, ita tana kallon taga, ni ina kallon tukunya. Ya ajiye makulli a kan rediyo ba tare da ya ce na wane ne ba. Sai da ya kai ƙofa da jakarsa, motar ofis na jira, ya juyo ya ce mini ƙasa-ƙasa, “In na sami waya a hanya zan kira gidan maƙwabta. Ki shirya, layin can ya fi na nan lalacewa.” Na jefe shi da murfin kwano, ya kauce.

Asabar da hantsi muka ɗora baho a kan rufin mota muka ɗaure da igiya, shinkafa da kwanuka a gaba inda kunkuru ke da but, Gwaggo a kujerar baya da turamen atamfa a cinya. Takalmi mai tudu na bar shi a gida, silifa na sa. Motar ta mutu sau ɗaya a ƙofar gida, sau ɗaya a mahaɗar farko. Daga nan ta saki jiki, ni ma na saki. Itatuwa sun sha ruwa sun yi kore shar, titi ya wanku, iska na shigowa ta ɗan gilashin gefe. Ina ta waƙa a zuci, a fili kuma ina cewa bismillahi duk sanda na canza giya.

Burina ɗaya a hanyar, ɗan sanda ya tsayar da ni. Ba wanda ya kula. Da muka iso Kawo, cikin hayaniyar tasha da 'yan kamasho na kiran Zariya, Zariya, na hango wani yana ba da hannu. Na faka a gabansa da kaina, na sauke gilashi na miƙa masa lasin da takardar wucin gadi.

Ya karanta, ya juya bayanta, ya leƙa motar. “Madam, me ya faru?”

“Ba komai. Duba layi na biyu.”

Ya duba. Ya dubi Gwaggo. Gwaggo ta ce, “Ita ce.” Ya miƙo mini takardun, ya ƙame ya sara mana, ya tsayar da wata babbar mota don mu wuce.

Daga Kawo zuwa Katabu ban wuce giya ta uku ba. Kekuna biyu sun wuce mu, ban damu ba. Muka sauka daga kwalta muka bi 'yar hanyar ƙasa mai taɓo, na kauce wa ramuka yadda tsohon soja ya koya mini, na tsaya cak a ƙofar gidan suna, daidai inda maza ke zaune a tabarmi ana rabon goro. Na ja birkin hannu. Na yi hon. Mata suka fara leƙowa ta zaure, ɗaya ta rangaɗa guɗa, wata ta ce, “La ilaha, ai mace ce!”

Na juya in buɗe wa Gwaggo ƙofa. Ba ta motsa ba. Tana zaune ƙyam, ta ɗora hannu a taga, tana bin fuskokin matan da ido ɗaya bayan ɗaya.

“Tayar da ita,” ta ce.

“Gwaggo, ai mun iso.”

“Na sani. Matar liman ba ta fito ba tukuna. Zagaya ta bayan masallaci ki sake dawowa.”

Na tayar.